Shafin 'Yan Ajin Hamsin da Tara

Duk Nuwamba, in dusar ƙanƙara ta fara lasar tagar kicin,
sai in jawo kwalin takalman da nake tara wasiƙu,
in goge tabarau, in zauna.
Ni ce Verna Comeau, magatakardar aji,
muƙamin da aka ɗora mini ranar da na makara zuwa taro.
Shekara sittin da biyar ke nan, ba wanda ya zo karɓa.

Da can mu saba'in da huɗu ne.
Rabin shafi mujallar kwaleji ta ba ni,
ina cusa aure uku a layi guda,
haihuwa kuwa sai ƙidaya, kamar mai lissafin ƙwai.
Muna can baya, maƙwabtan tallan inshora.
Kowace shekara a ɗan turo mu gaba,
don da tsofaffin azuzuwa ake fara jeri.
Bana na buɗe, aji biyu kaɗai ke gabanmu,
na farkon ma mutum ɗaya ne, yana gaida kowa.

Ga abin da ya samu.

Murdoch Beaton ya cika casa'in a Mabou,
ya ce a rubuta har yau shi ke faskara icensa.
'Yarsa ta ƙara da fensir a ƙasa: ba shi ba ne.
Na rubuta yadda ya faɗa.

Eudora ta ga tattaɓa-kunne na shida,
an sa wa jaririyar sunanta, ta ce tausayin yarinyar take ji.
An sauya wa Hollis ƙugu na biyu,
wai ƙarfen jikinsa ya fi na motarsa sabunta.
Ina Pettipas ta sayar da gidan bakin teku,
ta koma ɗaki ɗaya a Truro, tagarsa na kallon wurin ajiye motoci.
Ta roƙa in ce ta matsa kusa da jikoki.
Haka na ce.
Gaskiya ce, na dai yi mata wanka.

Mutum huɗu sun riga mu.
Nasu shafin daban ne, mai baƙin zane a gefe,
suna da shekara, shi ke nan.
Ba inda za a ce ɗayarsu ce ta ara mini takalmi ranar yaye mu,
ya matse ni, na karɓi takardata ina ɗingishi,
tana can layi na uku dariya na cin ta.

Sai katin Lorne Zwicker.
Tun ina da baƙin gashi abu ɗaya yake aikowa daga gonarsa:
"Ina nan. Tuffa ta yi kyau."
Bana ambulan ce ta zo, adireshinsa, rubutun wani.
Na san irin wannan ambulan.
Kwana biyu tana jingine da butar shayi,
ina kewaye ta kamar mai kewaye rijiya da dare.

Ran Laraba na farke ta da wuƙar burodi.
"Lorne ya faɗo daga tsani, hannun dama ya karye,
shi ya sa nake rubuta masa.
Mun yi aure a Agusta.
Ya ce a gaya miki tuffa ta yi kyau.
Thelma."

Thelma Rafuse!
Wadda ta ƙi shi rawa a bikin ƙarshen zango,
ya tsaya jikin bango, hula a hannu, har aka kashe fitilu.
Dutsen da ya ɗora tun muna 'yan ashirin
sai yanzu ya nuna, ga shi yana shan romo da hannun hagu.
Na yi dariya har kyanwa ta bar ɗakin,
daga nan kuma ban san lokacin da ta koma kuka ba.

Sabuwar editar, sa'ar jikata ce, ta bugo waya:
akwai sauran fili, ke fa, ba ki da labari?
Na dubi kwalin, gindinsa ya fara bayyana.
Na ce rubuta:
Verna Comeau tana nan.
Tana jiran wasiƙunku kafin ƙarshen Oktoba,
kuma don Allah kowa ya rubuta da hannunsa.